Godiyar bana, amsa ga jikata

Jikata, an karanta mini saƙonki. Wai kina tambaya ko dole ne ku fita godiya a coci bana, tunda maigidanki ya rasa aiki, ƙaramin yaronku kuma kullum yana hanyar asibiti, ko ku bari sai baɗi in al'amura sun daidaita. Wannan "sai baɗi" ta sa ni murmushi, daga baya kuma hankalina ya tashi. Wa ya ba ki tabbacin baɗin, 'yar nan?

Ina budurwa, gab da aurena, gobara ta tashi a gidanmu da tsakar dare. Lokacin sanyi ne, ga iska, kafin maƙwabta su taru da bokitai wuta ta gama da ɗakunan. Muka yi cirko-cirko a waje, ƙanena ko riga babu. Mahaifiyata ba ta ko waiwayi wutar ba. Bi ta yi kanmu ɗaya bayan ɗaya, tana dafa kan kowa tana kiran sunansa, gefen zaninta ya ƙone, hannunta ya sale, ba ta ma sani ba. Da ta dafa auta ta ga mun cika, sai ta ce mu durƙusa. A nan, cikin hayaƙi, tana tari, ta faɗi maganar nan ta Ayuba: Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, yabo ya tabbata ga sunansa. Ni kuwa zuciyata na kan akwatin kayan aurena da ya zama toka. Da ta ce amin, sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, ta yi ta yi har gari ya waye, babu wanda ya hana ta.

Ran Lahadi ta ari zani ta tafi sujada. Da aka zo baiko, wato lokacin da jama'a ke miƙa kyautarsu ga Allah, ta tashi ta bi layi hannu wofi, ta tsaya gaban jama'a ta ce ba ta da abin sakawa a baikon, amma ga 'ya'yanta duka a raye. Takan ce mana, "Wanda ya jira sai ya ƙoshi kafin ya gode, cikinsa yake yi wa godiya." Mahaifina kuma ba ya gajiya da labarin Bulus da Sila a kurkukun Filibi: an yi musu bulala, an sa ƙafafunsu a turu, amma tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo, sauran fursunoni na saurare. Yakan tuna mana cewa lokacin da suka fara waƙar, ƙofa a rufe take, girgizar ƙasar daga baya ta zo.

Kada ki ɗauka ana so ki ɓoye ciwonki. Ubangiji Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, Dawuda ma a Zabura 13 tambaya yake ta yi, har yaushe. Kuma a daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗauki gurasa ya yi godiya tukuna ya gutsuttsura, yana sane da abin da ke jiransa.

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu, kun mai da godiya ta zama ta mai sabuwar mota da mai sabon gida, a yi ado, a ɗauki hoto a watsa a waya. Shi ya sa wadda shekara ta yi wa nauyi take jin kunyar fitowa, ta zauna a kujerar baya kamar mai laifi. Laifinmu ne mu manya da muka zura ido abin ya kai haka.

Batun dole kuwa, ban taɓa jin mahaifiyata ta kira shi dole ba, ni ma ba zan ɗora miki ba. Ki karanta Habakuk 3:17-18, inda annabin ya ce ko gonaki ba su ba da abinci ba zai yi murna da Ubangiji, ke da maigidanki, ku yi shawara. Ki kuma sanar da ni abin da likita ya ce game da yaron, domin mata a zumuntarmu suna ta tambayata, kullum yana cikin addu'arsu.