Me zan duba a jikin yaro mai jan ƙwallo kafin in ce zai yi jami'a a Amurka?

Ka tambaye ni kan yaron nan ɗan aji biyar na sakandare da ke jan ƙwallo a ƙungiyar makarantarku, yana cin maki ashirin da ɗoriya a wasa. Kana son sanin ko zai iya samun tallafin karatu ya buga ƙwallon kwando a jami'ar Amurka. To ɗana, ajiye maganar makin tukuna. A wasan sakandare, ko da gasar Milo ce, yaron da ya fi tsararrakinsa gudu yana ci ne don babu mai tare shi. A can kowa mai gudu ne, kuma na gindin kwando sun haura mita biyu. Abin da za ka nema shi ne abin da zai rage masa ranar da gudun bai yi masa amfani ba.

Fara da hannun da bai saba da shi ba. Sa mai makinsa, wato abokin hamayyar da ke tsaronsa, ya toshe masa dama gaba ɗaya, ka ba shi ƙwallo sau goma. Idan ya buga ta sau biyu da hagu sai ya ja baya ya mayar da ita dama, da sauran aiki, domin kociyan can zai gano haka a bidiyo ɗaya. Dubi idonsa kuma. Wanda ke kallon ƙwallo yana ja ba zai ga abokinsa da ya fita fili a kusurwa ba.

Daga nan sai katanga, wato lokacin da dogon ƙungiyar ya zo ya tsaya ya tare masa mai makinsa. Nan kaifin kan yaro ke fitowa, kuma wasan jami'a ya dogara da ita ƙwarai. Idan mai makin ya zagaya ta bayan katangar, fili ya samu, sai ya jefa. Idan ya biyo shi ta gaba, sai ya kutsa ciki. Idan mutum biyu suka rufe shi, to akwai abokinsa da ba kowa a kansa, kuma dole ƙwallo ta bar hannunsa nan take. Kuskuren da aka fi gani shi ne yaro ya tashi tun dogon bai kafa ƙafa ba, ko ya bar rata tsakanin kafaɗarsa da ta dogon har mai makin ya ratsa. Riƙe takarda ka ƙirga wasa uku: fasin nawa ya ba da aka ci, sau nawa ya zubar da ƙwallo. Ina son fasin biyu da aka ci a kan kowace zubar da ƙwallo ɗaya.

Kafin ka gwada jifarsa, ɗauko tef ka auna filin. Bakin kwando mita 3.05 ne daga ƙasa, layin maki uku kuma mita 6.75, wanda jami'o'in rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, suka koma kansa tun 2019. Filayen siminti da yawa a wajenmu kwandonsu ya sunkuya, layin kuma an ja shi da ƙiyasi, sai yaro ya saba da abin da ba haka yake ba. Sa shi ya yi gudun fili sau huɗu, sannan ya jefa ɗari daga wuri biyar, ashirin-ashirin. Ba mai tare shi, don haka ina neman sittin zuwa sama, tunda a wasa adadin zai faɗi sosai. A jifan da ake bayarwa bayan keta, saba'in cikin ɗari ne mafi ƙaranci. Lura da inda ƙwallo ke barin hannunsa. Wanda ke turo ta daga ƙirji, dogo zai mare ta kafin ta tashi, kuma gyaran wannan yana cin watanni.

A tsaro ƙafa za ka kalla. Ya zauna ƙasa, yana ja gefe ba ya harɗe ƙafafu, yana iya tsayawa a gaban mutum har bugu uku. Mai kai hannu kullum don sata, keta zai yi ta tarawa. Auna tsawonsa ba takalmi, da faɗin hannuwansa a buɗe. Idan bai kai mita 1.83 ba, sai jifarsa da tsaronsa sun fita daban kafin a waiwaye shi. Ka kuma kalle shi bayan ya yi kuskure, ko ya koma tsaro da gudu ko ya tsaya yana ɗaga wa alƙali hannu.

Takardu kuwa su suka fi kayar da yaranmu, kuma abin yana damuna. Sai ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, ya cika darussa 16 da suka amince da su, da matsakaicin makin karatu (GPA) 2.3 don rukunin farko, 2.2 don na biyu. A adana sakamakon kowane zango na shekaru huɗun ƙarshe tare da na WAEC, kuma ranar haihuwa ta zama ɗaya a fasfo da takardar haihuwa da ta makaranta. Bayan ya gama sakandare shekara ɗaya yake da ita kafin ya shiga jami'a. Idan ya wuce haka yana buga gasa, za a iya rage masa shekarun wasa. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin karatu saboda wasa, amma kwalejojin shekara biyu ƙofa ce mai kyau ga wanda takardunsa ba su cika ba.

Don a gan shi, nema masa shiga sansanin horarwa na Giants of Africa na Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors, wanda ya tashi a Zariya, ko ka kai sunansa ga masu zaɓen yara na makarantar NBA (gasar ƙwararru ta Amurka) da ke Saly a Senegal. Bidiyon da za ka aika ya zama cikakken wasa biyu, ba yankan wuraren da ya ci kawai ba. A ɗauka daga wuri mai tudu a tsakiyar fili yadda 'yan wasa goma za su fito, ka rubuta lambar rigarsa da launinta a farko.