Kafin ka sake tambayata tambayoyin intabiyun tuƙin jirgi

Ƙanena na ga saƙonka, kuma Hajiya ta kira ni wai na share ka. Ban share ka ba wallahi, aikin ne haka, ka kwana a wannan gari ka tashi a wancan. Ka ce ka gama makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ka karɓi lasisin CPL, wato na tuƙin jirgi na kasuwanci, ka ji ana cewa ƙananan kamfanonin jiragen Amurka irin su SkyWest da Republic da Envoy suna neman matuƙa ido rufe, to in turo maka tambayoyin intabiyu ka haddace. Ba kai ne na farko ba, duk yaron Kano da ya ga hotona da kaki sai ya turo min wannan roƙon, don haka zan amsa sau ɗaya ka tura wa abokanka.

Tambayoyin ba su ne matsalarka ba tukuna. A nan Amurka ba mai zaunar da kai a kujerar dama ta jirgin fasinja, wato ta mataimakin kyaftin, sai kana da lasisin ATP, babban lasisin tuƙin jiragen kamfani, shi kuma awa 1,500 yake nema a sama. Dokar ta biyo bayan hatsarin jirgin kamfanin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a Fabrairun 2009 inda mutum 50 suka rasu, ta fara aiki a 2013. Akwai sassauci ga wanda ya yi digirin tuƙi a jami'o'insu da FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ta amince da su, awa 1,000, sojansu kuma 750, kai ba ka cikin ko ɗaya. Awanninka ba su kai 300 ba, lasisin NCAA, hukumar jiragen sama ta Najeriya, ne a hannunka wanda sai ka sake zama jarrabawa kafin ka samu na FAA, sannan babbar magana, a fom ɗin neman aikin akwai inda za a tambaye ka ko kana da izinin aiki a Amurka, in ba ka da girin kad to daga nan an gama. Bizar karatu ta M-1 ba takardar neman aiki ba ce. Duk dillalin da ya ce a saida filin gadonku na Rijiyar Zaki a ba shi zai haɗa maka biza da aiki, ɓarawo ne, ka ce ni na faɗa.

Ni awannina a ƙaramin Cessna 172 na tara su, ina koyar da ɗalibai cikin zafin da ya kusa na Kano a watan Afrilu, kuɗin da ake biya na da kyar yake kai ni ƙarshen wata, a lokacin kuma a gida ana ta yi da ni wai na samu dala na manta da dangi. Har yau abin yana min ciwo. Amma ba wanda ya ɗaga min waya ya sa aka ɗauke ni, da gumina na hau kujerar nan, Alhamdulillahi.

Shawarata ka fara daga gida. Rano Air na tuƙa Embraer 145 mai kujera 50, irinsa wasu kamfanonin nan suke tuƙawa har yanzu, Ibom Air na da CRJ900, ga Max Air a nan Kano. Awar da ka yi tsakanin Kano da Abuja awa ce, logbuk, littafin da kake rubuta awannin tuƙinka, bai san bambanci ba. Intabiyun kuma kusan abu ɗaya ne ko a Legas ko a Dallas, to ga abin da za ka shirya, tun yanzu fa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Logbuk za su fara karɓa tun kafin ka zauna. Ka bi shi shafi shafi da kalkuleta, jimillar ƙasan kowane shafi ta yi daidai da abin da ka cike a fom, awar dare daban, ta tuƙi da na'ura daban. In ka taɓa faɗuwa gwajin tuƙi ka faɗa da bakinka, ka ce ga abin da ya faru ga abin da na gyara. A nan akwai rumbun bayanan matuƙa na FAA da kamfani ke dubawa, faɗuwa ɗaya ba ta cika hana aiki ba amma ƙarya tana hanawa nan take.

Ɓangaren ilimi ban damu da kai ba sosai, 'yan Zariya sun iya karatu. Za a miƙo maka METAR, rahoton yanayin filin jirgi, ka karanta, to ka riƙa gwadawa da na DNKN, filin jirgin Kano, lokacin hunturu da hazo ke rufe Kano, ka faɗi ko za ka iya sauka ko sai ka nemi wani filin. Za a ba ka taswirar sauka ta kamfanin Jeppesen ka yi bayani da baki kamar kyaftin na gefenka. Mene ne V1, gudun da in jirgi ya wuce shi a kan titin tashi ba a fasa tashi, me za ka yi in inji ya mutu kafinsa ko bayansa. Kana ƙafa 30,000 yaushe za ka fara gangarowa, 30 sau uku, wajen mil 90 kafin filin. A simileta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, kuma sun san ba ka san jirgin ba, so suke su ga in an gyara maka kana ɗauka.

Inda nake jin tsoro a kanka shi ne kunya. Mu an tashe mu ba a kallon babba ido cikin ido, ba a katse shi, ko ya yi kuskure sai dai ka sunkuyar da kai ka ce haka ne ranka ya daɗe, kuma tarbiyya ce mai kyau ina alfahari da ita, amma a ɗakin intabiyu suna ganin ka sunkuya sai su rubuta ba shi da ƙwarin gwiwa ko yana ɓoye wani abu. Tambayar da za ta zo ita ce, kuna sauka kun kai mafi ƙarancin tsayin da aka yarda, ba ku ga titin sauka ba, kyaftin mai furfura ya ci gaba da gangarowa, me za ka yi. In ka ce zan lallaɓa shi cikin ladabi ka faɗi. Za ka faɗa da ƙarfi a fasa sauka a tashi sama, in bai amsa ba ka maimaita, in har yanzu shiru ka karɓi tuƙin ka sanar da hasumiya. Ba don wulaƙanci suke tambaya ba. A Tenerife a 1977 Boeing 747 biyu suka yi karo a kan titin jirgi mutum 583 suka mutu, injiniyan jirgin KLM ya tambaya ko ɗayan jirgin ya fita daga titin, babban kyaftin ya amsa da gadara ya ci gaba, ba wanda ya sake ja da shi. Ni akwai wani kyaftin da ya riƙa kwaikwayon Turancina duk sanda na saki makirfo, abin ya ƙona min rai ƙwarai, amma ranar da ya tsallake layi a jerin dubawa sai da na tsayar da shi, kuma dole ya koma.

Ka turo min hoton shafukan ƙarshe na logbuk ɗinka da takardar likita ta aji ɗaya in gani ko tana da sauran lokaci. Ranar Asabar bayan isha'i agogonku ina hutu, ka sa riga da nakatayi ka kira ni ta bidiyo, zan zama kyaftin mai taurin kai, kuma kar in ji ka ce min Yaya har mu gama.