Hutun yara a zafin Bauchi

Maman yara, kin ce an yi hutu ga zafi ga babu kuɗin zuwa Yankari, ina za ki kai su? Wallahi ba sai kin yi nisa ba. Ki bari sai bayan la'asar ku hau keke napep zuwa kabarin Tafawa Ɓalewa, su ga hotuna da kayansa, ki ba su labarin rasuwarsa a 1966, nawa yaran sati guda suka yi suna zancen. A dawowa ku biya kasuwar Muda Lawal ki sayi kankana ɗaya, ki tsoma ta a ruwan randa ta yi sanyi, da daddare a baza tabarma tsakar gida ana sha ana tatsuniya. Dam ɗin Gubi kam in kun je, don Allah kar ki bari su shiga ruwan.