Tambaya da Amsa: Wasiƙar da aka tsinta a gafakar gado

Tambaya daga wani mai karatu a Gadarif, Sudan:

Assalamu alaikum malamai. Bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe akwatin ƙarfensa, muka tarar da gafaka cike da warƙoƙi. A cikinsu akwai wata wasiƙa ta Larabci mai hatimi, wadda tun muna yara ake ce mana Sarkin Musulmi Attahiru ne ya aiko wa kakan mahaifinmu kafin su yo hijira gabas. Wani dillali ya ji labari ya zo ya taya. Ta yaya za mu gane ta gaskiya ce, kuma nawa ya kamata a sayar?

Amsa:

Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Kafin komai, ɗan'uwa, kada wasiƙar nan ta kwana a hannun dillali, ko da sunan zai kai wa masani ya duba. Ku ɗauki hotonta gaba da baya a inuwa da rana, ba tare da walƙiyar kyamara ba, da rula a gefenta don a san girmanta. Hoton nan shi za a riƙa nuna wa mutane.

Sai a karanta layukan farko. Bayan bismilla, wasiƙun fadar Sakkwato kan buɗe da sunan mai aikowa da na wanda aka aiko wa, sannan gaisuwa, sannan "wa ba'adu". A nan mutane da yawa ke zamewa, domin Attahiru biyu ne suka yi sarauta a jere. Na farko ɗan Ahmadu ne. Ya hau a 1902, Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya fita da jama'a, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ƙaraso da sauran jama'a Sudan, inda garin Mai Wurno yake yanzu kusa da Sinnar. Na biyu ɗan Aliyu Babba ne, shi Turawa suka naɗa, ya zauna har 1915. Ku duba sunan uban da aka rubuta a wasiƙar da kuma a hatimin. Kada kuma ku sa ran rubutun hannun sarki ne, magatakarda ke rubutawa.

Daga nan sai takardar kanta. Ku shiga ɗaki mai duhu, ku kunna fitilar waya a bayanta, tazarar kamu ɗaya. Takardar da aka fi rubutu a kanta a ƙasar Hausa a wancan zamani daga Italiya take, ta biyo ta Tarabulus ko Masar. Za ku ga siraran layuka a matse, da wasu ƴan kaɗan masu tazara da suka gitta su, sau da yawa kuma da tambarin jinjirin wata uku a jere, daga babba zuwa ƙarami. Ganin wannan alama ce mai kyau, amma ba ta yanke hukunci, don an ci gaba da yin irin takardar har cikin ƙarni na 20, kuma mai son zamba yakan yanki farar warƙa daga ƙarshen tsohon littafi ya yi rubutunsa a kai. Abin da takarda ke iya yi da ƙarfi shi ne ƙaryata labari. In kuka ga layukan littafin makaranta, ko rubutun biro, wanda bai shiga kasuwa ba sai a shekarun 1940, magana ta ƙare, kwafi ne.

Tawada iri biyu ce za ku tarar. Akwai ta gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, irin wadda khalwowin nan, wato makarantun allo na Sudan, ke kira amar. Ita takan zauna baƙa ƙirin a saman takarda, ɗigon ruwa ɗaya kuma ya ishe ta ta ɓaci, don haka ban da gwaji da miyau. Akwai kuma ta bagaruwa da kashin maƙera, wadda kan koma ruwan ƙasa da tsufa, ta yi inuwa a gefen haruffa, ta ɓullo ta baya, wani lokaci har ta cinye takardar a inda alƙalami ya danna. Ku sami gilashi mai ƙara girma ku bi karin da aka naɗe wasiƙar. Wadda aka rubuta sannan aka naɗe, tawadarta takan goge ko ta tsage daidai kan karin. In kuwa tawada ta malala cikin karin kamar ruwa a kwari, an rubuta ne bayan takardar ta riga ta tsufa. Haka ramin ƙwaro: in alƙalami ya kauce masa, ko tawada ta rina bakinsa, ramin ya girmi rubutun. Tsufan da aka yi da ruwan shayi kuwa launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, alhali tsufan gaske ya fi kama gefuna da inda yatsu ke riƙewa.

Salon rubutu ma shaida ne. Mutanen yamma suna sa wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Hannun da ya koyi rubutu a makarantun Sudan ko Masar yana sa wa fa'un ɗigo a sama, ƙaf ɗigo biyu. Wasiƙar da aka ce daga Sakkwato take a 1903 amma ƙaf ɗinta na da ɗigo biyu, mai yiwuwa wani ɗa ko jika ne ya kwafe ta a nan bayan ta asali ta lalace. Wannan ba ha'inci ba ne, al'adar malamai ce, kuma kwafin na da amfaninsa ga tarihi. Farashinsa dai ba ɗaya ba ne da na asali.

Rashin kwanan wata kada ya dame ku, yawancin wasiƙun fadar ba su da shi. In akwai shekarar Hijira, ku ninka ta da 0.97 ku ƙara 622: 1321 za ta ba ku 1903. In da ramzi aka sa, wato haruffa a madadin lambobi, a kula da lissafin da aka bi. A na Magrib, wanda malamanmu ke bi, shinun 1000 ne, sinun 300. A na gabas shinun 300 ne, sinun 60. Haruffan shinun, sinun, kaf da alif za su ba da 1321 a wajen malamin Sakkwato, amma 381 a wajen wanda ya yi karatu a Omdurman.

Hatimi shi ne wurin da ba za ku iya ƙarasawa a gida ba. Abin da za ku iya gani shi ne ko bugawa aka yi ko zanawa. Wanda aka buga tawadarsa ba ta kama daidai ko'ina, wani gefe ya fi wani. Wanda aka zana za a ga jan alƙalami. Sauran aiki sai an jera shi da hatimin wasiƙun da aka tabbatar, a gwada faɗinsa da kalmominsa. Irin waɗannan suna Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardu ta Ƙasa a Kaduna. A nan gida akwai Darul Wasa'iƙ ta Khartum, wato ma'ajiyar takardun ƙasa ta Sudan, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula lamarin irin waɗannan wurare, don haka aika hoto ya fi sauƙi.

Batun kuɗi kuwa, ba za mu faɗi adadi ba, kuma duk wanda ya yanka farashi daga jin labari kawai, yaudara ce. Abin da ke ɗaga daraja shi ne a tabbatar ta asali ce, abin da ta ƙunsa ya wuce gaisuwa da addu'a, jikinta lafiya, kuma a san hannayen da ta bi. Wannan na ƙarshen yana wajenku kyauta. Ku zauna da tsofaffin gidan, musamman gwaggwanni, ku naɗi muryarsu: wa ya karɓe ta, wace hanya suka biyo, wa ya riƙe gafakar bayan wa. Kada ku zare ta daga cikin sauran warƙoƙin, su ne shaidunta. Mai ƙiyasta daraja kuma kada ya zama shi ne mai saye.

Akwai ƙaya biyu a hanyar sayarwa. Dokar kare kayan tarihi ta Sudan ta 1999 ta ɗauki abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, fitar da shi ƙasar waje ba izini laifi ne, kuma tun da aka wawashe gidajen tarihi a yaƙin nan masu saye na ƙwarai suna gudun duk abin da ya fito daga Sudan ba takardar shaida. Ta biyu, wasiƙar dukiyar gado ce, kowane magaji namiji da mace yana da haƙƙi a cikinta. Ba a sayarwa sai da yardar kowa, kuma gidaje da yawa sukan zaɓi su mayar da irin wannan waƙafi a hannun mutum ɗaya amintacce.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Wad Madani:

Takardun kakanmu sun fara yagewa. Ɗana ya ce a kai shago a manne su cikin roba da zafi. Ya dace?

Amsa:

Hajiya, ki hana shi. Zafi da gam ɗin robar suna shiga jikin takarda, ba a ɓare su sai da tawadar. Salatif ma haka, yakan bar tabo mai maiƙo da ba ya fita. A shimfiɗa kowace warƙa tsakanin fararen takardu masu tsabta, yadda aka same su a jere, a naɗe da farin ƙyallen auduga, a sa a akwati, a ɗora a kan wani abu nesa da ƙasa da bango saboda gara. Ban da ƙulle su a leda da damina, laima za ta taru su yi fumfuna. Wadda ta manne da ƴar'uwarta a bar ta haka har a sami mai gyaran takardu.