Hukuncin saka yara masu ciwon daji cikin binciken likitoci

Tambaya: Malam, ni ƙaramin likita ne a Damagaram, ina son ƙwarewa kan ciwon daji na yara har in koyar a jami'a. Kundina kan ciwon Burkitt ne, mai kumbura muƙamuƙin yaro cikin 'yan makonni. Ya halatta in saka yaran da nake dubawa cikin bincikena, tunda iyayensu sun yarda?

Amsa: Bismillahi. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Neman wannan ilimi farilla ce ta kifaya, ba sai mun daɗe a kai ba.

Yardar iyayen ce wurin tsayawa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta hana yin binciken likita a kan wanda bai kai munzalin yanke wa kansa hukunci ba, ko da waliyyinsa ya yarda. Dalili shi ne ikon uba a kan ɗansa amana ne, ba ya aiki sai inda maslahar yaron take. In har Allah ya ce kada a kusanci dukiyar maraya sai ta hanya mafi kyau, ina ga jinin yaro da ɓargonsa?

Abin da na fahimta, hanin yana kan abin da ake yi wa yaro don kundi kawai. Tattara bayanan jinya, ko amfani da ragowar jini da ƙwayoyin ƙari da aka ɗiba don gano cutar, wannan ya halatta in an ɓoye suna, an rufe fuska a hoto. Amma ƙara huda ƙashin ƙugu a zuƙo ɓargo, ko sake tsira allura a gadon baya alhali jinya ba ta buƙata, haramun ne. Hujja ita ce hadisin "la darara wa la dirara", wato babu cutarwa kuma babu ramuwar cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa. Haka nan hana yaro maganin da aka san yana aiki, irin su siklofosfamid, don a kwatanta maganin da wani, shi ma haramun ne. Sabon tsarin magani kuwa ya halatta in ana kyautata zaton zai amfani shi yaron, bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince.

Yardar ma da sharaɗi. Takardar Faransanci da aka dangwala wa yatsa a bakin gado ba yarda ba ce. A yi bayani da Hausa ko Barbarci gaban shaida, a faɗi zubewar gashi da amai da haɗarin zazzaɓi, a ce ƙarara: ko kun ƙi, za a yi masa magani. Wanda ya sayar da akuyarsa ya zo daga Magarya ba ya iya ce wa likita a'a, shi ya sa kuɗin da za a ba shi kada ya wuce na mota da abinci. Jama'armu ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba.

Sau da yawa uwa ce ke jinya, uba na ƙauye ko ci-rani. Tunda wilaya tasa ce, a kira shi a waya gaban shaida. Wannan a bincike ne, ceton rai ba ya jiran izini. Yaro mai wayo kuma a tambaye shi, in ya ƙi abin da ba magani ba ne, a ƙyale shi.

Wallahu a'alamu.