Kaset ɗin da ya fi daɗi a shagona yana da ƙarar janareta

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, sai yau na samu zama, domin mu masu hayar lasifika Asabar da Lahadi ba namu ba ne, na masu biki ne. Ka ce ka sauke wata waƙa da aka ɗauka a wurin wasa, ka ji ta cike da ihu da tafi da surutun mutane, ka goge ta ka koma wa ta situdiyo. Shi ne kake tambaya me mutane suke ji a irin wannan faifan har suke yabonsa, kuma wanne muka fi so. Na ga wasu sun riga sun jero maka sunaye. Ni bari in biyo ta wata hanyar, tunda a nan nake cin abinci.

Na shigo Legas a 1991. Da tallan kaset na fara a Agege, a bakin layin dogo, kafin in shiga hannun wani Bayarabe mai hayar kayan sauti, wanda ya koya mini miksa da haɗa waya. Shekara ta biyu da na fara fita aiki ni kaɗai, wani dillalin shanu ya aurar da ɗansa, ya ɗauko makaɗin kalangu daga Arewa da 'yan amshinsa, aka ce in ɗauki wasan a kaset. Ni kuwa lokacin kai ya kumbura, ina jin na iya. Na ba mawaƙin makirufo ɗaya, 'yan amshi biyu, kalangu ɗaya, na jona rikoda kai-tsaye a jikin miksa don kada hayaniyar fili ta shiga. Yaron da ke taya ni ɗaukar kaya shi kuma ya ajiye 'yar rediyonsa mai kaset a kan benci kusa da rumfar mata, ya danna jan maɓalli, ya tafi neman shinkafa.

Washegari muka saurari duka biyun. Nawa tas yake, ba ƙura ba tsaki. Amma sai ka ji mawaƙin ya tsaya cak a tsakiyar baiti, shiru ya biyo baya, ya yi dariya shi kaɗai, ya canza hanya. Kamar kana zaune kusa da mai amsa waya, kana jin nasa ba ka jin na wancan. Na yaron kuwa janareta na gurnani a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, ga ƙarar faranti, ga wani jariri da ya ƙi yin shiru. Amma a nan ne ka ji abin da ya tsayar da mawaƙin: wata tsohuwa ce ta rangaɗa guɗa, ta kira laƙabin kakan ango, sunan da ko uban angon ya kusa mantawa. Mawaƙin ya cafe sunan a iska, ya jefa wa 'yan amshi, mai kalangu ya matse tsarkiya ya maimaita shi da ganga, aka yi kusan minti goma ana gina waƙa a kan kalma ɗaya. Dangin ango kaset ɗin yaron suka karɓa. Nawa na shafe shi na ɗora wa'azi a kai.

Tun daga ranar ban sake ɗaukar wasa ba sai na kafa makirufo ɗaya ko biyu a kan sanda suna kallon jama'a, nesa da bakin lasifika don kada su yi fito. Kuma daga nan na samo ma'aunin da nake auna kowane faifai irin wannan, na gida ko na waje: shin mawaƙin ya yi wani abu a ciki wanda ba zai yi ba da babu waɗannan mutanen a gabansa? In ya yi, faifan ya ci sunansa. In kuwa waƙar situdiyo ce sak aka maimaita, aka yayyafa mata tafi a farko da ƙarshe, to kai ka fi mu gaskiya da ka goge.

Mu Hausawa ma bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, don waƙarmu ta asali ba a ɗaki aka haife ta ba. Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 1999, amma har gobe in ka tara kaset ɗinsa na wuraren biki za ka ga ba ya taka sawu ɗaya sau biyu. A akwatina akwai Bakandamiya iri uku, kowacce da tsawonta, kowacce da inda ta karkata, gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da yadda ransa yake a daren. Amshin ne kawai turke, shi kuwa yana kiwo inda ya ga dama ya dawo. Haka Ɗan Anace da waƙarsa ta Shago. Wanda bai taɓa tsayawa a filin dambe ba, ya ji yadda fili ke ɗaukar kuwwa idan an kai mutum ƙasa, rabin waƙar kawai yake ji. Barmani Choge kuma, cire shewar mata da amon ƙwarya da dariyar da ke biyo bayan habaici, ka ga me zai rage maka. Surutun da ka ce ya dame ka, a irin waɗannan shi ne ɗan amshi na ƙarshe, wanda ba a biyansa.

Tunda a Legas muke, dole a taɓo Fela Kuti. Maigidana ya kai ni gidan wasansa na wancan lokacin a titin Pepple, Ikeja, sau biyu. Ba zan ɓoye maka ba, hayaƙin wurin ba na turaren wuta ba ne, kuma mutumin ba ya hawa dandali sai dare ya raba, na dawo gida ana kiran assalatu ina istigfari. Amma abin da kunnena ya koya a can ban same shi a wani wuri ba. Al'adar Fela ita ce ya yi ta buga sabuwar waƙa a gaban jama'a wata da watanni, ana gyara ta, sai ta nuna sannan ya shiga situdiyo, kuma da zarar ta fito a faifai ya daina buga ta a wasa. Ka ga ke nan ko faifansa na situdiyo a gaban mutane aka dafa shi. Cikin waɗanda aka ɗauka kai-tsaye, mutane sun fi ambaton wanda ya yi da Ginger Baker, Baturen Ingila mai ganga, a 1971, wanda aka ɗauka a Landan gaban 'yan kallo kaɗan. Yana da kyau, sautinsa a fili, za ka ji hannun Tony Allen, mai gangar Fela, sarai. Amma ni faifan J.J.D. na 1977 ya fi kwanta mini, wanda aka ɗauka a gidansa na Kalakuta, gidan da sojoji suka ƙona a watan Fabrairun wannan shekarar, kwanaki kaɗan bayan an rufe FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Legas. A can cikin mutanensa yake, ya san wa zai tsokana, su ma sun san inda za su amsa. Akwai kuma V.I.P. da aka ɗauka a Berlin a 1978, wasan da bayansa Tony Allen da yawancin makaɗan suka rabu da shi. Idan ka san haka kafin ka saurara, kunnenka zai riƙa bin gangar da wani irin tausayi. Ɗansa Femi ma ya fitar da nasa a 2004, wanda aka ɗauka a sabon gidan wasan da ke Agidingbi, kuma a ciki za ka ji Legas ɗin da ka sani, mutanen da ba sa jiran a ba su izini kafin su sa baki.

Amma in ka ce in ɗauki ɗaya tak, ba na Legas ba ne, ba kuma na Arewa ba. Wani malami da ya yi karatu a Masar ne ya kawo mini kaset ya ce in kwafa masa, na Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar. Larabcina bai wuce na salla da gaisuwa ba, na sa shi ne kawai don in ga ko zaren bai tauna ba. Ban tashi daga kujerar ba sai da fuskar kaset ɗin ta ƙare. Matar nan, wadda ta rasu a 1975, ta shekara da shekaru tana wasa a Alƙahira daren Alhamis ɗin farko na wata, rediyo na watsawa kai-tsaye, ƙasashen Larabawa na zaune gaban akwati. Waƙa ɗaya takan kai awa guda, ba don baitocin suna da yawa ba. Za ta rera layi ɗaya, zauren ya ɓarke, maza manya suna kiran sunan Allah suna roƙon ta maimaita. Sai makaɗa su koma baya, ta sake rera layin, amma ba yadda ta yi da farko ba: ta ja wani harafi, ta riƙe numfashi a inda ba ka zata ba, ta sauke muryar a wani gurbin. Su sake ɓarkewa. Ta sake. Na taɓa ƙirga layi ɗaya a kaset ɗin nan har sau bakwai, babu biyu da suka yi kama. Nemi Inta Umri, wadda ta fara rerawa a 1964, amma ka tabbata ta zauren wasa ka samu, ba guntuwar da aka datse ba. Jama'ar ne suke tuƙa waƙar, ita tana riƙe da linzami. Ranar na gane cewa abin da tsohuwar nan ta Agege ta yi da guɗarta, shi mutanen Alƙahira suke yi da kwat da jar dara.

Na Turawa ba zan daɗe a kansu ba, wasu sun fi ni sani. Biyu dai na riƙe. James Brown a zauren Apollo na Harlem, Oktoban 1962: kamfaninsa bai yarda faifan wasa zai sayu ba, shi ya biya kuɗin ɗaukar daga aljihunsa, faifan bai fi rabin awa da kaɗan ba, kuma babu inda aka bar ka ka huta. Sai Bob Marley a Lyceum na Landan, Yulin 1975. Saurari No Woman, No Cry ta situdiyo, sannan ka saurari ta wannan daren. An rage mata gudu, ta kai minti bakwai, jama'a sun ɗauki amshi tun kafin shi ya buɗe baki. Har fiton makirufo akwai a ciki, irin wanda in ni na yi shi a biki maigidana zai harare ni daga nesa, amma aka bar shi, kuma wannan ɗin ce duniya ta riƙe.

Kada ka ɗauka duk hayaniya nake karewa. Akwai abubuwan da ke kashe faifan wasa murus. Maƙwabtanmu Yarabawa sun fi kowa sayar da kaset ɗin wasa, tun zamanin Sikiru Ayinde Barrister masu kiɗan fuji ke fitar da su, kuma cutar da ke damun nasu ita ke damun namu, wato jerin sunayen masu liƙi. Idan mawaƙi ya ɗauki sunan mutum ya juya shi, ya haɗa shi da garinsu da sana'arsa da wani abin dariya, wannan waƙa ce, ko ba ka san mutumin ba za ka ji daɗi. Idan kuwa sanƙira ya karɓe makirufo yana karanto Alhaji wane dubu kaza, Hajiya wance dubu kaza, minti ashirin kamar ana kiran rajista a aji, wannan rasit ne, mai shi kaɗai zai saurara sau biyu. Sai tafin jabu da ake ɗorawa daga kwamfuta, wanda ake gane shi da cewa yakan tashi gaba ɗaya ya mutu gaba ɗaya, babu mai fito shi kaɗai, babu wanda ya makara. Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne yayin da ake ciki yanzu. Yaro zai zo wasa da filashi a aljihu, ya miƙo mini ya ce in sa lamba uku, ya riƙe makirufo yana motsa baki a kan muryarsa ta situdiyo. Ba ni da ta cewa, kuɗina aka biya, amma ran da aka ɗauke wuta a wani biki a Idi-Araba kafin janareta ya kama, mawaƙin tsayawa ya yi yana murmushi, ko baiti ɗaya bai iya ci gaba da shi da bakinsa ba. Da mai kalangu ne da ba wanda zai san an ɗauke.

In za ka sake gwadawa, kada ka saurara a lasifikar waya kana cikin motar haya ta danfo a Oshodi, hayaniya biyu ba sa haɗuwa. Bari sai dare, ka sa abin kunne, ka fara daga farko, kada ka tsallake gaisuwa da gyaran ganga da maganar da mawaƙi ke yi kafin ya shiga, don a nan ake ɗaura zaren. Minti biyar na farko ka ƙyale mawaƙin, ka bi jama'a: ina suke yin shiru, me ke tayar da su, wa ya fara. Bayan nan ka koma kansa ka ji yadda yake amsa musu.

Kaset ɗin yaron nan har yanzu kwafinsa na wurina, na mayar da shi cikin waya shekarun baya. Mai minti sittin ne, talatin kowace fuska, kuma da yake yaron na can wajen shinkafa babu wanda ya juya shi, sai ya yanke daidai inda mawaƙin ya ja numfashi zai shiga sabon baiti. In ka biyo ta Agege wata Litinin bayan la'asar, ka zo da abin kunnenka, ni nawa kunne ɗaya ya mutu.