Wasan Shimfiɗa Layin Dogo: Na Amurka ko Na Turai?

Tambaya: Ina da yara uku, babban shekararsa 13, autar 8. Ina so in sayo mana wasan nan na haɗa birane da layin dogo a kan taswira, Ticket to Ride, sai na ga akwai na Amurka, akwai na Turai. Damuwata autar ce, da an tare mata hanya a wasa sai kuka. Wanne ya dace da mu?

Amsa: 'Yar'uwa, ki ɗauki na Turai.

Na Amurka shi ne na asali. Alan R. Moon ya tsara shi, kamfanin Days of Wonder ya fitar da shi a 2004, a shekarar kuma ya ci kyautar Spiel des Jahres ta Jamus, wato kyautar gwarzon wasan shekara. Kowa yana farawa da taragu 45 da tikiti a ɓoye, masu nuna biranen da zai haɗa. Wanda bai haɗa su ba har aka tashi, sai a zare makin tikitin daga abin da ya tara. Nan zafin yake. Wani ya riga ki kama 'yar gajeriyar hanya ɗaya, ke kuma sai dogon zagaye, ko ki rasa gaba ɗaya.

Na Turai, wanda ya fito a 2005, ya ba kowa tasha uku. In an tare autarki, sai ta dasa tasha a birnin, ta ari hanya ɗaya ta wanda ya tare ta don cika tikitinta. Ba kyauta ba ne, domin duk tashar da ta rage ba a dasa ba maki 4 ce a ƙarshe. Za ta ji ciwon tarewar, amma wasa bai mutu mata ba. Akwai ƙarin dokoki kan hanyoyin ƙarƙashin dutse da na ruwa, zama ɗaya ya isa a gane su.

Roƙona gare ki, kada ki hana yayyenta tare ta. Tarewar ita ce gishirin wasan, in babu ita kowa jera taragu kawai yake yi. Ki koya mata ta fara kama hanyar da ba ta da madadi, kafin wasu su gano inda ta dosa. Ki kuma riƙa zama a ciki: in ku huɗu ne, tagwayen hanyoyi, wato hanyoyi biyu da ke jere tsakanin birane biyu, duka a buɗe suke, amma da mutum biyu ko uku ɗaya kaɗai ake amfani da ita, taswirar sai ta matse.

Tambaya: Ni da maigidana ne kawai, kuma ba ma samun dogon lokaci. Babban wasan, na Amurka ko na Turai, zai yi mana?

Amsa: Babban kan ci kusan awa ɗaya. Ku nemi ƙaramin, na birnin New York, wanda ya fito a 2018. Cikin kamar minti 15 kun gama, kuma da yake taswirar ƙarama ce, tun zagayen farko za ku fara rige-rigen hanya.